Takunkumin da Inna ke tace shayi da shi

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, mu shida a wata ƙaramar mota da ta girmi direbanta. Birnin Gwari za ni, gaida Inna. Muna wuce Buruku hira ta mutu. A hanyar nan ko tari za ka yi sai ka duba hagu da dama. Ramuka kuwa, akwai wanda in ka faɗa sai an zura maka guga.

Dab da shingen 'yan sa-kai direba ya ce kowa ya buɗe fuskarsa, don a nan mai rufe fuska sunansa daban. Na cire takunkumina, shuɗin nan na zamanin korona, duk ya yi gashi. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke gefena ta kalle shi kamar ta ga mushe. Ta ce ai ba auduga ba ce, roba ce. In ya tsufa ko ya ji zafi, ɓurɓushi yake saki wanda ido ba ya gani, mutum ya shaƙa ko ya haɗiye. Ta ce an fara samun irinsa a huhu da jinin mutane, ba a ma gama sanin iyakar ɓarnarsa ba. Na ce Hajiya kin cika tsoratarwa. Ta ari ashanar direba ta ɗana wa takunkumin wuta. Bai yi toka ba, narkewa ya yi yana ɗiga kamar leda.

Nan take na tuna. Ni na kai wa Inna kwali guda na irin takunkumin nan lokacin korona, na cika baki cewa abin nan har aljani yana tacewa. Ta ɗauke ni da gaske. Tun daga nan da shi take tace shayinta na citta, da zafinsa, kullum safiya. Na sha gani, dariya kawai nake yi. Na ciro waya, babu sabis. Muna ratsa gefen dajin Kamuku kowa na sauraron ƙarar babura, ni tukunyar shayi nake hangowa.

Na tarar da ita a tsakar gida, ta ɗaure ɗaya a bakin kofi. Ban gama sallama ba na fizge.

"Kai, 'yan dajin ne suka koya maka ƙwace?"

Na jefa shi a murhu, na faɗa mata abin da na ji. Ta daɗe tana kallon yadda yake narkewa.

"To wanda na sha shekara da shekaru fa, ina ya tafi?"



Na shiga kasuwa na sayo mata matacin ƙarfe. Washegari na dawo Kaduna da ragowar kwalin a cinyata, har yau ban san inda zan zubar da shi ba. Shekarun nan duk dajin nake jiye wa Inna tsoro, ashe abin da ya shiga jikinta ni na kai shi, da sunan tsaraba.