Kawu Tanimu da Bafaranshensa

Duk wanda ya taɓa jiran jirgin ƙasa da Kawu Tanimu a tashar Taman Melati ya san abin da zai faru. Da ya ga jirgi bai iso ba, sai ya kife lemarsa, ya ware ƙafafu, ya ƙura wa ƙasa ido kamar ya yar da allura, sannan fiu! ya kaɗa ta sama. Mutane na darewa, shi kuma ya sa hannu a goshi yana hangen ƙwallon da babu ita. In na ce, "Kawu, ana kallonmu fa," sai ya ce, "To da ma wasan ai na 'yan kallo ne, ɗan nan. Matsa, kana kan layina."

Yayan mahaifiyata ne, kuma a gidansa na sauka da na zo karatu Kuala Lumpur. Malamin lissafi ne a jami'a, bai taɓa shiga ƙungiyar masu wasan golf ba, bai taɓa sayen sandar wasan ba. Ya ce, "Sanda sanda ce. Tawa ma ta fi, tana tare ruwa."

Asalin abin, wani abokin aikinsa Bamalaye ne ya ja shi kallon gasar matasa, waɗanda ba su fara cin abinci da wasan ba. Kawu yana tsaye gindin bishiya sai ga ƙwallo ta gangaro gabansa. Bawan Allah ya sunkuya ya ɗauka, ya goge ta da bakin riga, ya taka har tsakiyar fili ya miƙa wa mai ita da hannu biyu! Alƙalan wasa suka yo kansa suna ɗaga hannu. Mai ƙwallon, wani siririn saurayi Bafaranshe, dariya ce ta kama shi har ya riƙe ciki, ya karɓa ya yi godiya. Kawu ya dawo gida ya ce wa matarsa, Inna Rabi, "Yau na ga yaro mai tarbiyya. Na riƙe shi." Inna ta ce, "Shi ya sani?" Ya ce, "Zai sani."

Sunan yaron ya gagari harshenmu, sai muka bar shi a Bafaranshen Kawu. Ina ya buga, wa ya doke, wane kofin 'yan koyo ya ɗaga, duk Kawu na biye, mu kuma dole mu ji. A shagon shayin da ake kira mamak kuwa har mai shayin ya saba, da ya hango lema sai ya sauya tashar talabijin daga ƙwallon ƙafa ya ce, "Golf, boleh lah," wato ba damuwa.

Kun tuna walimar nan? Ya aika ko'ina, har mutanenmu na unguwar Cheras, wai a zo an samu ƙaruwa. Mata suka zo da turamen atamfa suna zaton Inna Rabi ta yi jika. Sai da aka ci tuwo aka sha zoɓo, Kawu ya miƙe ya gyara murya: "Jama'a, yaronmu ya shiga sahun ƙwararru. Daga yau da sanda zai ci abinci." Aka kalli juna. Liman Bashir ya ce, "Dakta, wane yaron?" Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, yi addu'a kawai, ni ma da safen nan na ji."

Amma ranar da ba za ta mantu ba ita ce da Bafaranshen ya dawo Kuala Lumpur babbar gasa. Shekaru Kawu na cika mana baki cewa sun san juna, yau ga ranar gaskiya! Ya je layin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman ya yanko yadi shuɗi da fari da ja, launin tutar ƙasar yaron, aka ɗinka masa babbar riga. Muka bi shi a baya kamar 'yan ɗaurin aure.

A ramin ƙarshe aka ɗaga allon a yi shiru. Ko tari babu. Bafaranshe ya taɓa ƙwallo, tana tafiya a hankali, a hankali, sai muryar Kawu ta tsaga filin: "Shiga! Shiga don girman Allah!" Wallahi ta zagaya bakin ramin ta faɗa! Muka manta da doka, muka yi ta ihu, Liman har hularsa ta faɗi. Bai ci kofin ba, amma wa ya damu?

Da yana fitowa Kawu ya tare hanya ya buɗe hannuwa. Mutumin ya dube shi, kallon wanda bai taɓa ganinsa ba, ya yi murmushi, ya sa hannu a bakin rigar da alƙalami, ya wuce. Duk muka sunkuyar da kai don tausayi. Kawu ya juyo fuska fal annuri: "Kun gani? Ko ido bai iya haɗawa da ni ba. Kunya! Ban ce muku yana da tarbiyya ba?"

Mun yi ta yi masa dariya, amma yadda ya riƙe Bafaranshen nan haka ya riƙe kowannenmu. Lokacin da malamina ya sake dawo mini da kundin bincikena jajur da gyara, na haɗa kaya zan koma Kano. Kawu ya shigo ya zauna daram a kan akwatin. Na ce, "Kawu, na gaji." Ya ce, "Yarona sau nawa ƙwallonsa ta faɗa tafki? Ka ga ya bi ta ciki? Wata yake ajiyewa ya sake bugawa. Ni kuwa nan na zauna, sai dai ka kai ni filin jirgi da akwatin." Bai tashi ba sai da na kunna kwamfuta.

Ranar da aka yaye ni, Inna Rabi ce kaɗai ta zo, kujerar da ke gefenta ba kowa. Ciwo ne ya kama Kawu, bai ba shi lokaci ba.

Allah ya jiƙan Kawu Tanimu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsaya wa 'ya'yan mutane a ƙasar da ba su da kowa, Allah ya tsaya wa nasa, ya ba Inna Rabi haƙuri. Amin.