Rahoto a Kan Sito

Shekarata ta farko a Kano, aikina rubuta rahoto ne ga wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ofishina ɗan ɗaki ne a saman bene a Sabon Gari, daga ni sai kwamfuta sai fanka mai kuka. Ban san kowa a garin ba, kaɗaici kuwa ya ishe ni. Mutanen kanti ɗan boko suke ce mini, su gaishe ni su wuce. Mutum ɗaya ne yake ja na da hira, dattijon da ke riƙe da siton Alhaji a Fagge, wanda kowa ke ce wa Baba. Tun ba a haife ni ba makullin yake hannunsa.

Wata rana Alhaji ya ce in binciko abin da ke sa kaya jinkirin fita. Na yi sati biyu ina zuwa sito ina zama ina lura. Dalilin a fili yake. Baba ba ya rubuta komai, a ka yake riƙe inda kowace dila take, kan kuma ya fara gajiya. Na rubuta yadda aka koya mana a makaranta, ba gaisuwa ba kwana-kwana: matsala a layin farko, shawara a na biyu, wato a sa wa diloli lamba, a kawo mai karatu ya riƙe sito. Har wani daɗi na ji, ni a dole gwani.

Na ɗauka Alhaji zai karanta shi kaɗai. Ashe shi magana ba ta shigarsa sai ta kunne. Bayan la'asar ya tara mu a kan darduma a ƙofar sito, ya miƙo mini takardar ya ce, "Malam, karanta mu ji."

Na so in tsallake wurin da ya shafi Baba, amma ban bar wa kaina hanya ba, da shi na buɗe. Haka na karanta. Baba yana gefena yana jan carbi, bai ɗago ba.

Alhaji ya yaba, ya ce irin aikin da yake so ke nan. A satin aka karɓi makullin.

Ranar da Baba zai tafi, na same shi yana naɗe buzunsa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Ba ka yi ƙarya ba, ɗana," in ji shi. "Ni dai da kake ta zuwa kana zama, na ɗauka wurina kake zuwa."