Takardun Yaya Tanko Ba Na Ƙonawa Ba Ne

Duk wanda ya san yayana Tanko a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, ya san shi da kwalbar tawada a aljihu, riga duk tabo. Kana gaishe shi zai ce, "Lafiya lau. Me aka yi a gidanku?" Kana faɗa yana rubutawa da ajami a takardar buhun siminti.

Lokacin yaƙin basasa maza na kewaye da rediyo, shi kuwa yana rubuta wai motar goro ba ta zo ba, gishiri ya yanke. Na ce, "Yaya, ƙasa na ci da wuta, kai gishiri kake rubutawa?"

Ya ce, "Ke Ladi, yaƙi na da masu rubuta shi. Miyar lamin da kika ba mu jiya fa, wa zai ba da shaidarta?"

Iya Sikira mai amala ta taɓa zuwa har zaure, wai ya goge faɗan da ta yi da mijinta. Ya ce to. Tana juya baya ya rubuta, "Yau Iya Sikira ta zo a goge faɗanta."

To ku ji abin takaici. Ɗansa Sabi'u, da bokonsa da Yarbancinsa, ya ɗauka takardun nan ayoyi ne. Tun rasuwar uban ba ya taɓa su sai da alwala. Makon jiya aka ce a kai yagaggun takardun Alƙur'ani masallaci a ƙona su cikin mutunci, ya kwasa a buhu ya kai.

Ina jin labari, da tsufana na hau okada. Na tarar har an hura wuta. Na ce, "Liman, a buɗe buhun nan."

"Hajiya, ai ayoyi ne."

"To ja mana aya ɗaya."

Ya zaro, ya gyara tabarau. "Akuyar Delu ta cinye takardar hutun wani soja."

Aka kwashe da dariya. Sabi'u ya ce, "Ashe ma shirme ne, Gwaggo."

Na ce, "Uban naka ne shirme? Liman, ƙaro."

Ya zaro wata, ya zaro wata, sai muryarsa ta yi ƙasa. "'Yar Ladi, Hauwa, ta koma, kwananta tara. Uban na bakin daga, bai gan ta ba."

Sabi'u ya ce, "Gwaggo, kin taɓa haihuwa?"

Na ɗaure buhuna, na ce ya ɗauko ya biyo ni.

Allah ya jiƙan Yaya, ya ba shi tasa takardar a hannun dama.