Matattun da na cusa a binciken Likita

Yau jikana kan nuna mini a waya yawan malaman da suka kafa hujja da binciken wani. A zamaninmu sai dai wasiƙa ta zo daga ƙetare. Na ga irin wasiƙun nan a hannun mutumin kirki, kuma ni na mai da su abin kunya.

Bayan yaƙin basasa na dawo Inugu ina jin Ibo da Turanci, da Faransancin da na tsinto a Duwala. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Ibo ne, ya ɗauke ni tafinta. Yana binciken farfaɗiya a tsakanin mahauta da fataken shanu na unguwar Abakpa. Aikina in rubuta masu ciwon, in kai musu magani.

A Duwala na ga ana faɗin ciwon nan a fili. Mu kuwa ɓoye shi muke yi, kada a ƙi auren 'ya'yan gidan. Duk ƙofar da na je sai a ce, "Lafiya lau muke, Malam." Na ji kunyar komawa da takarda fara, sai na rubuta sunan Ɗanjuma, maƙwabcina na unguwar Asata da yaƙi ya ci. Daga shi na ƙara sunayen wasu matattun. Maganinsu kuwa na riƙa sayarwa a Anacha.

Likita ya wallafa binciken. Malaman ƙetare suka yi ta ambatonsa, har biyu suka zo don su haɗa aiki da shi. Ya rungume ni ya ce, "Abokina, kai ne idona."

Aka tara mutane a zango don baƙin su ga masu ciwon, Likita ya fara kiran suna. Shiru. Da ya kira Ɗanjuma, wani tsohon mahauci ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, wa ya ce maka yana farfaɗiya? Ni na yi masa wanka, ni na sa shi a rami."

Likita bai zage ni ba. Kallona kawai ya yi.

Na yi zaman kurkuku, na fito, na tuba. Amma har yau idan liman ya ce a yi wa mamata addu'a, muryar Likita nake ji tana kiran sunayen nan ɗaya bayan ɗaya.

'Ya'yana, in aka aike ku ba ku samo ba, ku koma ku ce ba ku samo ba. Ni an sake ni. Shi kuwa Likita an janye takardar bincikensa, abokan aikinsa suka watse, bai sake wallafa komai ba har ya mutu.