Wasiyyar Kawu Sale a Bayan Takardar Gas

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Sale a Old Trafford ya san dokar: takalmi a ƙofa, kwat kuwa tana jikinka har ka fita. Hita, na'urar ɗumama ɗaki, ba ta kunnuwa sai baƙi sun kai uku. In ku biyu ne, ya ce ku matso kusa, zumunci ma ɗumi ne.

Ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga Kano don in yi karatu, na ƙare a tuƙin tasi a Birmingham. Bai taɓa bari na manta ba.

Lokacin da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, kowa na kuka, Kawu kaɗai ke murna. Wai sai yanzu Turawa suka gane abin da yake faɗa shekara talatin. Murnar ta ƙare ranar da hukumar gari ta rufe laburaren da yake wuni yana shan ɗumi kyauta. Sati guda yana tsine musu.

Da ciwo ya fara kama shi, na ce ya nemi lauya a rubuta wasiyya yadda ƙasar nan ke so. Ya tambayi kuɗin, na faɗa, ya kama kujera.

"Lauya zai koya mini rabon gado? Ni da na karance shi a zaure tun uwarka tana talla?"

Da kansa ya rubuta, a bayan takardar kuɗin gas. Sulusin gidan nawa, saura na ɗansa Nasiru, wanda ke Landan, ba ya kira sai da Sallah. Ya ji ana son shaidu biyu, sai ya kira maƙwabcinsa, ya kuma sa na tuƙo tun daga Birmingham. Na ce ai masallaci cike yake da mutane.

"Habu, wa zan sa shaida in ba wanda na yarda da shi ba?"

Shekara ashirin ban ji kalma mai daɗi daga bakinsa ba. Na sa hannu.

Bayan rasuwarsa na kai takardar wajen wata lauya a Stratford Road. Ta yi mini bayanin probate: izinin kotu ne, sai an same shi a taɓa kayan mamaci, kuma yana cin watanni. Na tambaya ko takardar gas za ta ɓata abin. Ta ce ko kaɗan, wasiyya ta inganta. Har na fara hango kaina na bar ɗakin hayar da nake ciki a saman shagon kaji a unguwar Sparkbrook ta Birmingham.

Sai ta ɗora yatsa a kan sa hannuna. A dokarsu, wanda ya yi shaida ba ya cin komai a wasiyyar. Takarda tana nan daram, rabona ne kawai ya faɗi. Da Kawu ya tare kowane mashayi a titi ya sa hannu, da yanzu ina da sulusi.

Nasiru ya yi mini ta'aziyya da Turanci mai kyau, ya sayar da gidan. Ni kuwa shekara hamsin da biyu, tufafina na warin soyayyiyar kaza.

Na daɗe ina jin haushinka, Kawu. Amma a duk ƙasar nan ni ka zaɓa, kuma ba da wasa ka zaɓa ba. Na yafe. Da ƙyar, amma na yafe. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari, ya sa ka a gidan da ba a neman izinin kowa kafin a shiga.