Baƙuwar Ɗakin Ɗori

Warin man kaɗe ne ya tarbe ni tun daga zaure, man da aka narka a kasko har ya soma hayaƙi. A gidan kakana na Tsafe wannan warin abu ɗaya yake nufi, an kawo mai karaya. Kakana maɗori ne. Daga ƙauyuka ake ɗauko masa mutane, ya ja ƙashi ya mayar mazauninsa, ya shafa mai, ya jera karare ya ɗaure, sannan mutum ya kwanta a ɗakin ɗori har ya haɗe.

Damina ce, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Na gama sakandare a Gusau ina jiran sakamako, aka ce in je in taya kakata zama. A jakata akwai littafin da nake rubuta waƙoƙina, da 'yar kyamarar da babana ya ba ni ranar da na gama jarrabawa.

Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba Inna, wato kakata, ta miƙo mini kwanon sha.

"Kai ma baƙuwa ruwa. Kuma ki kama bakinki, kin ji ko?"

Na ɗaga labulen ɗakin ɗori. Wata mace ce kwance a katifa, ƙafarta ta dama a miƙe cikin karare, kanta babu ɗankwali, kitsonta ya tsufa. Ta juyo ta dube ni. Wallahi ban san lokacin da rabin ruwan ya zube ba. Wannan fuskar na san ta fiye da ta wasu 'yan'uwana. A Gusau, duk ranar da aka kawo wuta, mukan cika falon maƙwabtanmu mu zauna har bakin ƙofa muna kallonta a bidiyo. Na yi kuka don ta yi kuka. Na koyi yadda take ɗaura kallabi, na ɓata ɗankwali biyu wajen gwadawa. Ga ta nan a ɗakin da muke ajiye buhunan gero idan babu majinyaci.

"Ruwan nawa ne ko na ƙasa?" ta ce.

Na durƙusa na miƙa mata sauran ruwan. Ta yi dariya, irin dariyar nan dai da na sani, sai dai ta ƙare da cije leɓe saboda ƙafar.

Motarsu ce ta kife kusa da gari, suna hanyar zuwa ɗaukar fim a duwatsun Kwatarkwashi. Ƙwaurinta ya karye gida biyu. Kawunta, mutumin Kekun Waje ne can wajen Bungudu, shi ya ce a kawo ta wurin kakana. Baba, haka muke kiran kakan nawa, ya yanke mata kwana arba'in. Ba tashi, ba mota, ƙafar nan ko kaza ba za ta taɓa ta ba. Gidan kuma yana da dokarsa tun kafin a haife ni: wanda ke kwance a ɗakin ɗori, ba a kai labarinsa waje.

Da na rutsa Baba a zaure ina rawar jiki ina gaya masa ko wace ce, bai ko ɗago daga fiƙe kararensa ba.

"'Yar boko, mi kike ma tsalle? Ni ƙashi na sani. Nata ma irin na kowa ne."

Mako biyun da suka biyo baya, ban taɓa jin daɗin rayuwa kamarsu ba. Ni ke kai mata abinci, ni ke yi mata fifita, ni na tsefe mata kai na sake kitsa shi. Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malama, don ta kama ni ina rubutu. Ta sa na karanta mata waƙoƙina duka. Inda na zuba taurari da yawa sai ta ce, "Malama, rage mana biyu, sama ta cika." Ta gaya mini asirai. Muryar da ke waƙa a fina-finanta ba tata ba ce, baki kawai take motsawa. Hawayen kuwa man zafi ake shafa mata a ƙasan ido. Tana tsoron ƙadangare kamar ranta, tana son ƙuli-ƙuli mai yaji, kuma ba ta iya tuƙa tuwo ba, duk da na sha ganinta da muciya a talabijin. Kowace magana tata sai na koma ɗaki na rubuta, kamar an ba ni ajiyar farin wata a cikin kwano.

Wata rana na tambaye ta ko ba ta kewar mutane.

"Wane mutane? Masu mujalla sun aurar da ni sau uku, sun kashe ni sau ɗaya. Ranar da suka kashe ni ina cin ɗanwake." Ta gyara matashi. "Nan ne kawai na yi barci babu mai leƙe. Kakanki ko sunana bai riƙe ba. Allah Ya yi masa albarka."

Na ji maganar, na kuma yi dariya. Amma kyamarar nan tana cikin jakata tana kirana.

Da safe ne, an kwana ana ruwa, haske ya shigo ta taga ya sauka a gefen fuskarta, ba hoda ba jan baki, ta fi kyau fiye da duk yadda na taɓa ganinta. Na roƙe ta hoto ɗaya tak.

"Naki ke kaɗai. Ki sa a cikin littafin taurarin nan naki."

Na rantse mata. Na ɗauka.

A Tsafe ban san mai wanke irin fim ɗin kyamarata ba, sai na nemi dalili na bi mota zuwa Gusau, wurin mai hoton da ya yi mana fasfo na jarrabawa. Da na koma karɓa, sai na tarar yana riƙe da hoton a hannu yana murmushi.

"Wannan ba wance ba ce?"

Da na ce a'a, da wataƙila ya bari. Amma kwana goma sha ina riƙe da labarin da ya fi ƙarfin ƙirjina, ga wani ya gane da kansa. Murmushi kawai na yi, na sunkuyar da kai.

"Ke ba jikar maɗorin Tsafe ba ce?" Ya sake duban kararen da ke ƙafarta a hoton. "Ikon Allah."

Na karɓi ambulan ɗina na fito ina tafiya kamar ba a ƙasa ba. Na manta da abin da kowa ya sani, cewa kowane mai hoto yana da allon gilashi a ƙofar shagonsa, kuma hoton da ya fi kyau can yake kwana. Ni kaina na sha tsayawa kallon irin allunan nan.

Kwana uku aka yi. A na huɗu ƙofar gidanmu ta zama kasuwa. 'Yan kabu-kabu suna sauke mutane suna komawa ɗauko wasu. 'Yan mata sun ci kwalliya, sun zo da lemo da turare. Samari sun hau dalbejiyar bayan gida har reshe ya karye. Wasu riƙe suke da hoton da na ɗauka, an wanke shi da yawa ana sayarwa a tasha. Ba zan ɓoye ba, da farko daɗi na ji. Na leƙa ta zaure na ga garin duka yana kallon gidanmu, na ce a raina ni na jawo wannan.

Masu mujalla biyu suka zo daga Kano da rikoda. Baba ya hana su shiga. Can sai ɗayan ya dawo da hannu naɗe a tsumma, wai ya gurɗe. Baba ya kama hannun ya lallatsa, ya sake shi.

"Lahiya lau yake, yaro. In kana so in karya maka, sai in ɗora."

Mutane suka kwashe da dariya, har da ni. Dariyar ta ƙare mini da la'asar, lokacin da Inna take goge wa Yaya jiki, wani ya zuro kyamara ta taga. Na ji ihun Yaya daga madafa. Na tarar ta ja zane ta rufe har kanta, ƙafar tana rawa cikin karare.

Washegari kawunta ya iso da a-kori-kura, an shimfiɗa katifa a baya. Zai kai ta Kekun Waje, inda babu wanda zai bi ta. Baba ya tsaya a ƙofar ɗaki.

"Alhaji, kwana ashirin da uku ne yau. Ƙashin ga bai kama ba. In ta shiga mota, babu hannuna."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta daga ciki. "Ko a kan jaki ne zan tafi."

Kafin a ɗauke ta na durƙusa a gefen katifa na gaya mata komai, har murmushin da na yi wa mai hoto. Na jira faɗa. Ta miƙo hannu, na ba ta hoton, ta duba.

"Kin fi su iya ɗauka, Malama," ta ce, ta mayar mini.

Wata na zagayowa mujallar ta fito, hoton da na ɗauka ne a bango. Sun rubuta cewa asiri abokan sana'a suka yi mata, wai za a yanke ƙafar. Na saya, na ji kunya, kuma duk da haka na yi ta shafa bangon ina cewa idona ne ya ga wannan hasken. Bayan shekara guda ta dawo fim. Ranar da na sake ganinta a falon maƙwabtanmu na yi guɗa har aka ce in fita. Na ce shi ke nan, ta warke, ban yi ɓarna ba.

Sai da na yi aure, ina koyarwa a Bungudu, na haɗu da wata dattijuwa 'yar Kekun Waje a gidan suna. Hira ta kai mu kan 'yan fim, ta ce ai wance a gidan maƙwabtansu ta ƙarasa jinya. Hanyar ta lalace da ruwa a shekarar, motar ta yi ta faɗawa ramuka, ƙashin ya goce, haka kuma ya haɗe. Ƙafar ta gajarce. Shi ya sa a duk fina-finan da ta yi daga baya, ko dai tana zaune, ko tana tsaye a wuri ɗaya. Ba a sake ɗaukarta tana tafiya ba.