Ƙwanƙwasar Baba

Mahaifinmu malamin firamare ne a Samaru, kuma ko ya dawo gida aji bai tashi ba. Da mun gama cin tuwo, kafin mu sulale wajen wasa, sai ya jawo kujerarsa ta katako da wani tsohon ƙamus marar bango da ya saya a kasuwar Sabon Gari. Yakan zaɓi 'yan haruffan Turanci, misali "port", ya ce kowa ya kawo kalmar da suke ciki, ya faɗi ma'anarta da Hausa. Mama ce alƙaliya, ita da ba ta yi boko ba. In ba ta gane bayaninka ba, ka faɗi.

Baba ba ya tsawa. In ka yi kuskure, hannun kujera kawai yake ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Na tsani ƙarar nan kamar maganin zazzaɓi. Ni ce mai riga kowa kawo "transport" da "report", ina hura hanci. Ƙanena kuwa kullum sai ya juya "import" da "export", ya fitar da kayan da ya kamata a shigo da su. Mama takan ce ranar da aka ɗauke shi aikin kwastan, ƙasar nan ta shiga uku.

Muka girma, kowa ya kama gabansa, ƙamus ya koma saman sif.

Bara waccan ɓarin jikin Baba ya shanye, aka kwantar da shi a asibitin Shika. Baki ya rufe, idanu a buɗe. Likita ya ce ba zai iya tabbatar mana ko yana gane abin da ake faɗa ba. Wannan ya fi komai cin raina, domin ban san ko Babanmu yana nan ba ko jikinsa kawai muke jinya. Muka yi addu'a, muka rera masa waƙoƙin coci da yake so. Ko gezau.

Wata rana da la'asar Mama tana goge masa fuska, sai ta juyo ta ce, "Ku yi masa wasan nan naku mana, na fot-fot ɗin nan."

Ni na fara. Na ce "support", wato goyon baya. Ƙanena, wanda yanzu yake da shagon kayan gini a Sabon Gari da furfura a gemu, ya gyara murya ya ce, "Export, wato shigo da kaya daga waje."

Hannun Baba na hagu, mai sauran motsi, ya ja a hankali bisa zanen gado har ya kai ga ƙarfen gefe. Ya ƙwanƙwasa.

Mama ta zube a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba. Ta dubi ƙanena ta ce, "Kai, har yanzu ba ka iya ba?"

Har gobe ƙanena yana rantsuwa da gangan ya yi, ni kuma ban yarda ba. Baba bai sake magana ba har Ubangiji ya kira shi. Amma daga ranar muka daina tsayawa a kansa muna zancensa, muka koma yin hira da shi.